Jadawalin Bango da Jadawalin Gari: Lacca ga Malaman Jangeru da Kewaye



 Shugaban taro, wakilin uban ƙasa, ranka ya daɗe, sakataren ilimi, shugabannin makarantu, iyayenmu malaman allo da na Islamiyya da ke zaune a sahun gaba, 'yan'uwana malamai maza da mata na nan Jangeru, da waɗanda suka taso daga Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda, barkanmu da wannan lokaci. Duk wanda ya hau hanyar nan a wannan zamani don ya zo sauraron lacca a kan jadawalin makaranta ya cancanci sannu da zuwa ta musamman. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

An shaida mini cewa wasu daga cikinku sun haɗa kai sun kafa ɗan kwamiti, suna so su sake tsara jadawalin darussa, don sun gaji da wanda ke manne a bangon ofis tun zamanin hedimastan da ya yi ritaya. Madalla da wannan himma. An ce har an sayo kwali da rula. To, roƙona na farko shi ne a ajiye kwalin nan a durowar hedimasta, a kulle, kada a fito da shi sai zangon karatu guda ya wuce. Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga, kuma mu har yanzu ba mu auna ranar makarantarmu ba. Abin da na zo faɗa ke nan, sauran duk bayani ne.

Kowace makaranta a yankin nan tana da jadawali biyu. Akwai na bango, wanda sufeto ke dubawa idan ya zo. Akwai kuma wanda gari ya rubuta, wanda ba a manna shi ko'ina ba amma shi ake bi. Na bango ya ce darasin farko ƙarfe 8:00. Na gari ya ce a wannan lokacin rabin 'yan aji suna gaban alaramma ba a sallame su ba, wasu 'yan matan suna bakin rijiya ko suna yawo da bokitin koko, malamin lissafi kuma yana kan babur tsakanin Shinkafi da nan, yana jira a ji labarin hanya kafin ya taso. Kwamitin da ya zauna ya gyara na bango bai san na gari ba zai fito da kwali mai kyan gani, bayan mako 2 kuma kowa ya koma inda yake.

Bari mu yi ɗan lissafi tare, a matsayin misali kawai, kowa ya sa alƙaluman makarantarsa a madadin nawa. Mu ɗauka jadawali ya ba da darasi 8 a rana, kowanne minti 35. Minti 280 ke nan, wato awa 4 da minti 40. Shara da taron safe da bulalar 'yan latti sun cinye darasin farko. An fita tara, yara sun tafi gida neman abin kari, darasin da ke biye ya tafi kafin aji ya sake cika. Na ƙarshe kuwa, rana ta take, ƙananan sun fara gyangyaɗi, manyan sun fara sulalewa ta bayan aji. Saura darasi 5, minti 175. A cikin kowanne cire lokacin kiran suna, da neman alli, da kwafar rubutu daga allo don babu littafi. Yanzu koma kan shekara. A takarda zango 3 ne, kowanne wajen mako 13, mako 39 ke nan. Makon farko na dawowa hutu ba a karatu, kowa ya sani. Makonni 2 na ƙarshe jarrabawa ce da makin takardu da cika katin sakamako. An rasa mako 9, saura 30. Ban sa ranar kasuwa ba, ban sa damina ba, ban sa ranar da jita-jita ta tashi iyaye suka zo suka kwashe 'ya'yansu ba. Sai mu zo muna mamakin yadda yaro zai shekara 6 a firamare ya fita bai iya karanta wasiƙar Hausa ba. A gaskiya bai shekara 6 ana koya masa ba.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A 2007 wata mai bincike ta Bankin Duniya, Helen Abadzi, ta fitar da rahoto a kan lokacin koyarwa da ke salwanta. An bi makarantu a ƙasashe 4 ana duba nawa ne daga lokacin da gwamnati ta tsara yake zama lokacin da ɗalibi ke koyon wani abu da gaske. A Tunisiya an sami kusan kashi 78 cikin 100, a Maroko 71, a jihar Pernambuco ta Barazil 63, a Gana kuwa 39. Abin da ya fi jan hankalina a aikin ba alƙaluman ba ne, hanyar da aka bi ce. Ba a tambayi ma'aikatar ilimi ba. Mutum ne ya je makaranta ba tare da sanarwa ba, ya zauna a bayan aji da agogo. Wannan kuwa aiki ne da malamin Jangeru zai iya yi ba tare da kuɗin kowa ba.

Saboda haka aikin kwamitinku a zangon farko ƙirga ne. Kowane aji a ba shi littafin rubutu guda. A kowace rana a rubuta abu kaɗan: ƙarfe nawa aka fara darasin farko da gaske, yara nawa ne a zaune a lokacin, nawa ne bayan tara, nawa ne lokacin tashi, darasi nawa aka yi cikin waɗanda aka tsara, wanda ba a yi ba me ya hana. Shi ke nan. Kada a cika shi da tambayoyi har ya zama wani sabon nauyi. A ƙananan azuzuwa malamin aji ya rubuta, a sakandare monita ma zai iya. In akwai ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Maru da suka zo koyon aikin koyarwa, ku ba su wannan aiki, zai amfane su fiye da zaman ɗakin malamai.

Akwai sharaɗi guda da in an karya shi aikin ya mutu: kada a rubuta sunan malami a littafin nan. A ƙirga aji, kada a ƙirga mutum. Ranar da malamai suka fahimci littafin nan tarko ne da za a kai ofishin ilimi a yanke wa wani albashi, daga ranar kowane shafi zai nuna an fara ƙarfe 8:00 daidai, yara sun cika, darasi 8 cif. Mun saba cika rajista ta wannan hanya, ba sai an koya mana ba. Ranka ya daɗe sakatare, ina roƙo a gabanka, a bar wa malaman littafinsu. Batun ladabtarwa yana da tasa hanyar.

Ina iya hasashen wasu abubuwan da ƙirgar za ta nuna, kuna iya hasashensu fiye da ni, amma gani ya kori ji. Na farko Alhamis. Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci, kuma ba ƙaramar kasuwa ba ce, tun da daɗewa fatake daga nesa har da ƙetaren iyaka ke cin ta. Yaron da ubansa ke da akuya biyu da zai sayar, ko uwarsa ta dafa abincin sayarwa, ko shi da kansa ke dako don ya sami na sabulu, ba zai zauna aji ranar nan ba. Malami ma mutum ne, shi ma yana da cefane. Kashegari Juma'a, ana tashi da wuri don masallaci. Ashe makonmu na karatu, in za mu faɗi gaskiya, Litinin ne zuwa Laraba, sai ragowa. Amma je ka duba kwalin bango, sai ka tarar an jera lissafi da Turanci a safiyar Alhamis kamar kowace rana.

To me za a yi da Alhamis? A nan nake so kwamiti ya yi taka-tsantsan, domin amsar da ta fi sauƙi ita ce mafi haɗari. In kuka ce tun da ba a zuwa, bari mu tara wasanni da shara da waƙe-waƙe a ranar, to kun sanar da gari cewa Alhamis ba ranar karatu ba ce, 'yan kaɗan ɗin da ke zuwa su ma za su daina. A nawa ganin, sabon darasi mai nauyi, wanda in yaro ya rasa shi ba zai gane na gaba ba, a kai shi Litinin zuwa Laraba. Alhamis ta zama ranar bita da gyaran aiki da jan waɗanda aka bari a baya, wato wanda ya zo ya ƙaru, wanda bai zo ba bai karye ba. Wanda kuma zai je kasuwa, a ba shi aiki ya tafi da shi: ya rubuto farashin tiyar gero da ta wake da safe da kuma da yamma, ranar Juma'a a yi lissafi da su. Wannan ra'ayina ne, littafinku na iya nuna muku wata hanya. Makarantun Zurmi da na Kaura kuma kowacce ta duba ranar kasuwar da ke jan nata yaran, kada a kwafi na Jangeru ido rufe.

Tun da iyayenmu malaman allo suna zaune, bari in faɗi abin da mu 'yan boko ba mu cika son faɗa ba. Su sun daɗe da warware matsalar da muke fama da ita. Makarantar allo tana karatu daga Asabar zuwa Laraba, ta huta Alhamis da Juma'a, al'adar da malamai ke dangantawa da zamanin Sayyadina Umar. Ba ta zama da tsakar rana. Tana ɗaukar sanyin safiya bayan asuba, ta saki yaro ya yi hidimarsa, ta sake ɗaukarsa bayan azahar ko la'asar, manya kuma su zauna da dare a gefen wutar kara. A da ma alaramma kan yi noma da almajiransa da damina, da rani ya yi ƙaura da su. Ba ta da agogo, salla ce agogonta, kuma ba ta taɓa rigima da kasuwa ko gona a kan yaro ba. Makarantar boko kuwa, tun da Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, ya buɗe tasa a Nassarawa ta Kano a 1909, da ƙararrawa da makon Turawa ta zo, ta ce gari ya biyo ta. Shekara fiye da 100 ke nan ana ja-in-ja, a ƙauyukanmu kuma gari ne ke cin nasara.

Ba cewa nake yi mu koma karatu Asabar zuwa Laraba ba, wannan ba ya hannunmu. Cewa nake yi kwamitin da bai je ya zauna a zauren alaramma ba bai fara aiki ba. Yaron nan guda ne. Shi ke gaban alaramma da asuba, shi ke gabanmu da hantsi, shi ke Islamiyya da la'asar, shi ke kiwo a tsakani. Mu uku muke rabon yininsa, kuma ba mu taɓa zama mun yi rabon da baki ba. Ku je da ladabi, ba da takarda ba. Ku tambaya: Allah gafarta malam, ƙarfe nawa kake sallamar yara? In muka ja darasinmu na farko zuwa 8:30, za ka iya sakinsu 8:00 su sami abin kari su iso? Sau da yawa minti 20 ne ke tsakaninmu da cikar aji, kuma ba wanda ya taɓa roƙon minti 20 ɗin nan. Fara darasi 8:30 da aji cike ya fi fara shi 8:00 da benci.

Haka za ku zauna da iyaye mata, kuma wannan aikin malamai mata ne, don su ke shiga gida. Uwar da ke ɗora wa 'yarta tallar safe ba ƙin karatu take yi ba, da ribar ƙosan nan ake tara kayan ɗaki, wani lokaci ma da ita ake sayen littafin. Wa'azi ba zai sauke farantin ba. Amma in aka tambaye ta wane lokaci ne cinikin ya fi tafiya, wataƙila a gano awa guda ce tak, a nemi yadda za a kauce mata.

Yanzu bari in raba muku abin da ke hannunku da wanda ba ya hannunku, don kada kwamiti ya ƙare ƙarfinsa a kan dutsen da ba zai ɗagu ba. Jerin darussa a cikin yini, wane darasi ke safe wane ke rana, tsawon tara, haɗa darasi biyu su zama guda mai tsawo, wa zai kaɗa ƙarfen nan da ke rataye a bishiya kuma da agogon wa, duk wannan naku ne da hedimasta, da sanin ofishin ilimi. Kalandar shekara kuwa, ranar buɗewa da rufewa da yawan ranakun mako, ta ma'aikatar ilimi ce da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Gusau.

Amma kada wani ya ce muku kalandar nan ba ta taɓuwa. Kafin 1973 shekarar karatu a Nijeriya a watan Janairu take farawa, gwamnati ce ta mai da ita Satumba. A Disambar 2021 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta mai da ranakun aiki 4 a mako a Kaduna, daga Janairun 2022 makarantun gwamnati suka bi, aka ajiye Juma'a aka ƙara sa'o'i a sauran ranakun. A azumin 2025, wanda ya kama ranar 1 ga Maris, jihohin Kano da Katsina da Kebbi da Bauchi sun tsara hutunsu ya haɗiye watan gaba ɗaya, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi suka, aka yi ta muhawara a rediyo. Ko mutum ya goyi bayan waɗannan matakai ko bai goya ba, abu guda ya fito fili: daga sama aka yanke su, kuma a duk muhawarar da aka yi, muryar malamin aji riƙe da alƙaluman ajinsa ita ce ba a ji ba. Azumi ma ba a wuri guda yake tsayawa ba, kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, har a 2030 sau biyu zai zo, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Kwamiti mai hangen nesa zai tsara jadawalin azumi na daban tun yanzu, gajere, mai ɗaukar safiya, ya ajiye.

Babbar rigimarmu da kalanda ita ce damina. Zango na uku yana kamawa ne daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa Yuli. Farkonsa zafin bazara ne da ke haura digiri 40, a ƙarƙashin kwano marar silin. Ƙarshensa kuma shuka ce da noman farko da maimai, lokacin da kowane hannu a gida yake da daraja, kuma a daidai nan muka ajiye jarrabawar ƙarin aji. Sai a ba da dogon hutu a Agusta, bayan aikin ya yi sauƙi, a dawo a Satumba ana shirin yankan gero, Oktoba da Nuwamba kuma ga roron wake da cirar gyaɗa. Masu fadama a bakin Gagare da Bunsuru su nasu aikin ma ba ya ƙarewa da kaka. Ku leƙa maƙwabtanmu na Maraɗi: a Nijar shekarar karatu daga Oktoba take zuwa Yuni, damina kusan duk a hutu take faɗawa. Gero ɗaya muke nomawa da su, ruwa ɗaya ke sauka mana. Ba ku da ikon mai da kalandarmu irin tasu, amma in makarantu 10 na Shinkafi da Zurmi da Kaura suka kai Gusau littattafan da ke nuna yadda aji ke zubewa daga ranar da aka yi ruwan shuka, wannan hujja ce da ba a taɓa ajiyewa a teburin kwamishina daga wannan yanki ba. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwambar 2023. Gini da kujeru ana ganinsu da ido, lokacin da ke salwanta kuwa sai an ƙirga shi ake ganinsa, kuma ku kaɗai ke wurin da za a ƙirga.

Ba zan tsallake maganar tsaro ba, ko da yake ba mai jin daɗinta. Mun tuna harin makarantar 'yan mata ta Moriki a Mayun 2019. Mun tuna Jangebe, 26 ga Fabrairun 2021, 'yan mata 279. Mun tuna Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, 1 ga Satumbar 2021, ɗalibai 73, abin da ya sa aka rufe makarantun jihar, a daidai lokacin da aka katse layukan waya aka tsai da kasuwannin mako. Ta Kaya makarantar jeka-ka-dawo ce, kuma da rana abin ya faru, don haka kada mu yaudari kanmu cewa wani tsarin jadawali zai sayo mana aminci. Wannan nauyin hukuma ne. Abin da jadawali zai iya yi kaɗan ne amma yana da amfani. Malamin da ke zuwa daga wani gari kada a ba shi darasin farko ko na ƙarshe, a bar wa mazauna gari. Yaran da ke takowa daga ƙauyuka su tashi da sauran rana, a rukuni. Kuma kwamiti ya tanadi abin da za a yi in an wayi gari an rufe makaranta mako 3: wane darasi za a fara cetowa idan an dawo, wane za a haƙura da shi. Mun sha dawowa daga irin wannan rufewa mu ci gaba daga shafin da manhaja ta ce, kamar ba abin da ya faru.

Ga kuma yaran da aka raba da ƙauyukansu suka shigo gari, aji ya kumbura. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami 1 ga yara 35 a firamare, ku kun san nawa ke gabanku. Wani zai kawo shawarar a raba makaranta biyu, 'yan safe da 'yan rana. Ina roƙon a ajiye wannan a matsayin magani na ƙarshe. 'Yan rana za su faɗa cikin zafi, su yi karo da Islamiyya, malami guda ya yi aikin biyu a kan albashi guda, kowane rukuni kuma ya sami ƙasa da abin da yake samu yanzu.

Wani dalilin da ya sa lokacin nan ya dace da aikinku shi ne sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, wadda ta rage yawan darussa: aji 1 zuwa 3 na firamare darasi 9 zuwa 10, ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, babbar sakandare 8 zuwa 9. Ko ba ku so, sai an sake zana kwalin nan. Tambayar ita ce, gurbin da aka samu wa za a ba? Ni dai amsata ba ta da kwana: karatu da lissafi a ƙananan azuzuwa, a sanyin safiya, kowace rana, kuma a haɗa darasi biyu ya zama awa guda cikakkiya. Waɗanda suka ratsa shirin RANA na koyar da karatun Hausa, wanda aka gudanar a Zamfara da Katsina tare da UNICEF, sun san minti 35 ba ya isa a koya sauti, a haɗa gaɓa, a karanta labari, a saurari yaro ɗaya bayan ɗaya. Yaron da bai iya karatu ba, darasi 9 da darasi 19 duk ɗaya ne a wurinsa.

Saura magana mai ɗaci, ta cikin gida. Jadawali rabon jin daɗi ne a ɗakin malamai, kowa ya sani ko da ba a faɗa. Babban malami ya zaɓi tsakiyar safiya, ya kauce wa Alhamis, ya bar wa sabon ɗauka da ɗan bautar ƙasa darasin ƙarshe. Wani yana da gona, wani yana da shago, wata tana da goyo, wani yana karatun ƙarin ilimi a ƙarshen mako. Waɗannan ba laifi ba ne, albashin malami bai isa ya hana shi neman na kai ba. Laifin shi ne a ɓoye su, a zo taro ana kawo hujjojin ilimi alhali gona ce ke magana. Ku sa su a faifai tun zaman farko, kowa ya faɗi lokacin da ba zai iya ba, a rubuta, a yi rabon da adalci. Kwamitin kada ya wuce mutum 5 ko 6, kuma lallai a sa malama, a sa mafi ƙanƙanta a aiki, a sa wakilin kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC. Hedimasta ya zauna a ciki, amma da zai ji shawarata da ya bar wa wani shugabancin, domin in yana kan kujera ba wanda zai ce darasin farko ba ya yiwuwa.

Idan zangon ƙirga ya ƙare, kada ku rushe komai a dare ɗaya. Ku zaɓi canji guda, ko biyu in kun matsa, ku gwada shi zango guda a aji 1 zuwa 3, littafin ƙirga kuma ya ci gaba. Kafin a fara, a zaunar da kowane yaro a ba shi gajeren rubutun Hausa ya karanta, a rubuta abin da ya iya, a ƙarshen zango a sake. In mintocin koyarwa sun ƙaru, masu iya karatu sun ƙaru, a riƙe. In ba su ƙaru ba, a watsar ba tare da jin kunya ba. Sabon jadawalin da ya sa malamai tashi da wuri, ya faranta wa kowa rai, amma bai ƙara wa yaro minti ɗaya na koyo ba, rage aiki ne aka yi masa sabon suna. A Bangaladash ƙungiyar BRAC ta fara makarantunta na ƙauye a 1985 da guda 22 kacal, ɗaki ɗaya malama ɗaya, iyaye ke zaɓar lokacin karatu, sa'o'i kaɗan a rana amma ba a wasa da su. Sai da aka ga yaran suna zuwa kuma suna koyo, sannan aka yaɗa su suka zama dubbai.

Ranka ya daɗe sakataren ilimi, abu biyu waɗannan malamai ke buƙata daga ofishinka: takardar izini a rubuce cewa za su iya gwada canji na zango guda ba tare da sufeto ya ɗauke shi laifi ba, da alƙawarin cewa za ka zauna ka karanta abin da suka ƙirga. Iyayenmu malamai, za su zo zaurukanku, a karɓe su a matsayin 'ya'ya. Ku kuma 'yan kwamiti, ranar Litinin mai zuwa kowane aji ya kwana da littafinsa, a rubuta kwanan wata a shafin farko, a rubuta lokacin da aka fara darasi kamar yadda agogo ya nuna, ko da ƙarfe 9:00 ne.